Allurar Jirgin Ruwa da Idon Yayana

Akwai wata la'asar da nake so a ce ba ta taɓa zuwa ba. A cikinta na fasa idon mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a ƙasar Faransa. Da murfin akwati na fasa shi, a cikin ɗakin salla, a kan maganar da ni ne ba ni da gaskiya a cikinta. Yanzu na tsufa, hannun da ya yi aikin, rawa yake yi ko kofin shayi na ɗauka, amma bai manta ba, ni ma ban manta ba.

Ni mutumin Damagaram ne. Lakkwal, wato boko, ban yi nisa ba, allo kuma na samu abin salla. Abin da na iya tun ina yaro shi ne kokawa, sai kuma saurin fushi. Mahaifiyata takan ce zuciyata karan dawa ce a tsakiyar rani, ƙyastu ɗaya ya ishe ta.

Da na zo Paris, wani ɗan unguwarmu ne ya karɓe ni. Ba uwa ɗaya muke ba, amma ya girme ni, kuma Yaya nake ce masa har yau. Ɗakinsa a La Goutte d'Or bai fi rumfar mai shayi ba, ya raba mini katifarsa da bargonsa. Shi ya samo mini aikin dako a kasuwar Rungis. Ban daɗe ba wani abokin aiki ya zagi uwata. Na ɗaga akwatin kabeji na sauke masa a fuska, muƙamuƙinsa ya karye, kuma da ya faɗi ban bar shi ba, na yi ta shurinsa a ciki har sai da mutum huɗu suka janye ni. Aka kore ni. Yaya ne ya yi ta zirga-zirga yana ba da haƙuri har maganar ba ta kai gaban alƙali ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Wannan hannun naka, wata rana zai ci na gida."

Yaya direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, kuma cikin waɗanda yake kai wa kaya akwai wani tsohon anasara mai kantin tsofaffin kayan jirgin ruwa. Shi ya roƙe shi ya ɗauke ni shara da goge-goge da ɗaukar kaya. Tsohon ya yi aikin jirgi a ƙuruciyarsa, yatsunsa biyu na hagu babu, igiya ta cinye su. Kantin cike yake da kayan jiragen da, masu tafiya da iska: fitilun tagulla, ƙararrawa, anka, da ƙananan jirage na katako da aka sassaƙa da filafilansu da igiyoyinsu kamar na gaske.

A wurinsa na koyi cewa jirgi ba shi da hagu da dama, sai babor da tiribor. Na koyi cewa kowace igiya da sunanta, kuma wanda ya kira ta igiya kawai ya tona wa kansa asiri cewa ɗan tudu ne. Idan ciniki ya yi sanyi yakan ba ni labarin horon da ake yi a jiragen nan: a ɗaure mutum a jikin babban turken jirgi, a tsattsaga bayansa da igiya mai ƙulli, a watsa masa ruwan gishiri, ko a ɗaure shi a ja shi ta ƙarƙashin jirgin, ya fito ta ɗaya gefen fatarsa a yayyage, in ya fito da rai. Allah ya gafarta mini, waɗannan labaran na fi so.

Akwai kuma kayan gane hanya. Akwai sekstan, wanda ake auna tsayin rana da shi. Akwai wani faifan tagulla mai rubutun Larabci, astirolab, wanda tsohon ya ce Musulmi ne suka ƙware a kansa, suna gane lokutan salla da inda Makka take. Wannan magana ta shiga kaina ta zauna. Sai kuma kompa. Tsohon ya ce na tudu shi ne busol, na jirgi kompa. Kwano ne na tagulla a rataye cikin zobba, yadda ko jirgi ya karkata shi yana nan daidai, a cikinsa akwai faifai mai allura da ke nuna arewa. Akwai wani babba a tsakiyar kanti, a kan gindin katako, da ƙwallayen baƙin ƙarfe biyu a gefe da gefe. Shekaru na yi ina goge ƙwallayen nan har suna ƙyalli. Ban taɓa tambayar amfaninsu ba. Na ɗauka ado ne.

Na riƙa kai kalmomin nan majalisa. In na ce a miƙo mini shayi ta tiribor, sai a fashe da dariya. Suka sa mini Kapiten. Ba'a suke yi, ni kuma daɗi nake ji, ni da ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne tafkin bayan gari.

Ana nan Yaya ya koma Lyon da aiki, ya kawo matarsa daga gida, suka zauna a Rillieux-la-Pape. A ginin da suke, an ba Musulmi wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma da yake ya fi su karatu, shi yake ja musu salla. Shi ya shimfiɗa darduma da hannunsa, shi ya ja layin sahu.

Wata rana tsohon ya aike ni in kai wa wani mai saye a Lyon ƙaramin kompa a cikin akwatinsa na katako mai kusurwoyin tagulla. Na shiga jirgin ƙasa, na ce bari in fara sauka wajen Yaya.

Da ya buɗe ƙofa ya ga akwatin a hannuna sai ya ce, "Kapiten, wannan kuma gawar wa ka ɗauko mana?"

Na ce, "Yaya, ka yi magana da ladabi. Wannan abin ya kai mutane Indiya ya dawo da su."

"To ya kai ka wanke hannu, tuwo na hucewa."

Matarsa ta yi mana tuwon semul da miyar kuka, ta yi ta ƙara mini tana cewa mutanen Paris ba sa cin abinci, iska suke sha. Na ci na ƙoshi. Da la'asar ta yi, na sauka ɗakin salla da akwatin. Na ce ina tsoron kada yara su taɓa shi. Ƙarya ce, so nake a gani.

Ɗakin ba shi da taga. Bututun ƙarfe masu kauri sun bi ta bangon gaba, kuma ana jin gurnanin injin ɗumama gini a bayan bangon. Bayan an sallame, na cire murfin, na ajiye akwatin a gaban sahu, daidai inda liman ke sa goshi. Mutane suka kewaye ni. Faifan ya yi lilo ya tsaya. Na san daga Faransa Makka tana tsakanin gabas da kudu, tsohon ya nuna mini a taswira. Na duba allura, na duba layin Yaya, sai na ga layin ya fuskanci kudu sak.

Da na ja shi gefe na faɗa masa a kunne, da ba a kai ga komai ba. Amma na ɗaga murya.

"Jama'a, shekara nawa kuna salla a nan? Ai ba Makka kuke kallo ba. Damagaram kuke kallo!"

Aka yi dariya. Na ga dariyar ta shiga Yaya kamar ƙaya. Ya ce cikin sanyi, "Kapiten, ba da ka na ja layin nan ba. Na tsaya a tsakar gida na duba fitowar rana da faɗuwarta, na kuma je masallacin tsofaffin Larabawan nan da suka riga mu zuwa, na gwada da nasu."

"Rana da ido? Ga abin da malaman gaske suka ƙera, kana kawo mini rana da ido?"

Wani dattijo ɗan Cadi, mai sayar da yadi, ya ce, "Malam, a fita da shi waje mana, a sake gwadawa a fili. Ba abin faɗa ba ne."

Na ce, "Alhaji, abin da ya ratsa teku, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne zai ruɗe shi?"

Wani daga baya ya ce, "To sallolinmu na baya fa? Sai mun rama?" Wani ya ce dama shi ya daɗe yana shakka. Hayaniya ta tashi. Yaya yana tsaye a gaban mutanen da suka ba shi amanar sallarsu, ƙaninsa da ya ci tuwonsa yanzun nan yana ce musu ya ɓatar da su.

Ya ce, "Ɗauke kayan anasarunka daga kan dardumar salla." Ya sa ƙafa ya ture akwatin.

Na ce, "Kada ka sake taɓa shi."

Ya ce, "In na taɓa fa? Ka karya mini muƙamuƙi kamar na Rungis? Ni na ƙwato ka daga hannun 'yan sanda, yau kai ne za ka koya mini inda Allah ya ajiye Ka'aba?"

Bai taɓa yi mini gori ba sai ranar. Na ji kaina ya yi ɗum. Na mare shi, marin da ya sa hularsa ta faɗi. Ya cakumi wuyan rigata. Nan jikina ya tuna kokawa: na shiga ƙarƙashinsa, na ɗaga shi, na maka shi da ƙasa. Ƙeyarsa ta bugi bututu, ƙarfen ya yi ƙara har ƙarshen ɗaki. Mutane suna salati. Ya miƙe yana tangaɗi, jini na fita ta bakinsa, ya tofa mini a ƙirji. Murfin akwatin yana ƙasa kusa da ƙafata. Ban san lokacin da na ɗauka ba, ko in ce haka na daɗe ina faɗa wa kaina. Gaskiya ita ce na sani. Na riƙe shi da hannu biyu, na kai masa duka a fuska da dukan ƙarfina.

Kusurwar tagullar ta shiga idonsa na hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka ƙwai. Bai yi ihu nan take ba. Ya durƙusa, ya rufe fuska da tafin hannu, jini da wani ruwa mai kauri suna bi ta tsakanin yatsunsa suna ɗiga a kan layin da ya ja. Sa'an nan ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba.

Jama'a suka rufe ni da duka. Aka kayar da ni, aka tattaka ni, haƙorina na gaba ya fita, haƙarƙarina ya tsage. Ina ƙasa ana shurina, amma abin da nake faɗa shi ne, "Ku duba allurar! Ku duba allurar!" Ɗan Cadin nan ne ya kwanta a kaina ya kare ni da jikinsa, in ba haka ba da sun kashe ni.

Matar Yaya ta sauko da gudu ba takalmi. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Tuwona bai ma narke a cikinka ba." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da 'yan pompiye, ma'aikatan agajin gaggawa, suka zo ɗaukarsa, suka tambayi abin da ya faru. Yana kwance, an danne masa ido da rawani, ya ce musu santsi ne ya kwashe shi ya faɗa kan bututu. Ba wanda ya ƙaryata shi. Ni kuwa na rufe akwatina na nufi gar, tashar jirgin ƙasa. Ban kai kayan ba, ban bi shi gidan likita ba.

Da na koma kanti, tsohon ya dubi bakina, ya dubi murfin. Akwai busasshen jini da gashin gira a maƙale a kusurwar. Na faɗa masa komai, har ina ƙarawa da cewa duk da haka ni ke da gaskiya. Ya ɗora kompan a kan tebur, ya bari faifan ya tsaya, ya ɗauko guduma ya kawo ta kusa da kwanon. Allurar ta juya ta bi gudumar. Ya kai ta ɗaya gefen, ta sake bin ta, kamar akuya ta ga dusa.

Ya ce, "Ƙarfe yana janta. Ƙwallayen nan biyu da kake gogewa, aikinsu ke nan, su gyara ƙaryar da ƙarfen jirgi yake sa ta yi. Me ke bayan bangon da ka ajiye ta?"

Na ce, "Injin ɗumama gini."

Ya ajiye gudumar, ya shiga ciki ya bar ni tsaye.

Wanda ya karanta zuwa nan zai ce ai washegari na koma Lyon. Ban koma ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma na fi jin tsoron tambaya a kansa, domin na farko a cikin fushi na yi shi, na biyu kuwa da hankalina, kullum safiya ina sabunta shi. Labari yana iso ni. An cire idon. An karɓe masa izinin tuƙa kamiyo, ya koma shara a wani sito. Wasu daga cikin masu salla sun yarda da maganata, suka riƙa karkata dardumarsu, ɗakin ya rabu biyu, har wasu suka daina bin sa. Kalma ɗaya daga bakina ta wayar tarho da ta kashe maganar. Amma in aka tambaye ni a majalisa sai in ce shaiɗan ne ya shiga tsakaninmu, kamar laifin rabi da rabi ne. Na yi aure, na haihu, na ci gaba da goge ƙwallayen nan har tsohon ya mutu aka rufe kantin.

Bara 'yar Yaya ta kira ni a salula. Ban san muryarta ba, tana goye lokacin da abin ya faru. Ta ce ciwon suga ya tafi da ɗaya idon. Ta ce, "Baba bai ce in kira ka ba. Ni dai na ga ya kamata ka sani."

Na je. Matarsa ta rasu, ban ma ji ba. Na same shi a kan kujera, ya rame, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, fatar idon hagu ta lotsa ciki. Na gaishe shi, ya amsa kowace gaisuwa daidai, gida da iyali da gajiya da sanyi, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Na durƙusa na ba shi labarin guduma.

Ya ce, "Wannan ai kowa ya sani. Tun da salula ta fara nuna alƙibla yara suka gwada, layina daidai yake. Ba labarin allura nake jira daga bakinka ba. Yaushe ka sani?"

Na sunkuyar da kai ina kallon sandarsa.

"Kapiten, da kai nake. Yaushe?"

Na ce, "Tun kana kwance a likita."

Sa'an nan ya ɗaga sandar ya kawo duka. Bai same ni ba, ya sami kofin shayi, ya tarwatse. Ya sake, ya bugi hannun kujera. Sai na matsa kusa, na sa kaina inda sandar take sauka. Ta same ni a kunne, a kafaɗa, a baki. 'Yarsa ta fito daga kicin tana kuka, na ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya yi ta duka yana haki, yana kiran sunan matarsa, yana cewa ta mutu tana goge masa ramin ido da auduga. Bai daina ba sai da hannunsa ya gaji. Jini yana zuba daga kunnena a kan rigata. Dukan tsoho ne marar ƙarfi, ko kusa bai kai nawa ba.

Muna zaune haka salular 'yarsa ta yi kiran la'asar. Ta kai shi ya yi alwala, ta dawo da shi tsakiyar ɗaki. Ya tsaya yana laluben iska.

Ya ce, "To, masanin alƙibla. Juya ni."

Na duba bangon ɗakin huɗu, ban san ko ina ba ne. Na ce wa yarinyar, "'Yata, ina ne?" Ta nuna mini kusurwar da ke kusa da taga. Na kama kafaɗunsa, ƙashi ne kawai, na juya shi a hankali. Na tsaya a damansa, ya ja mu salla.

Bayan sallama na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Ka sa ni jira shekaru. Ka dawo wani watan ka sake tambaya."

Tun daga nan kowane wata ina shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ina yanke masa farce, ina juya shi, ina tambaya. Wani lokaci ya yi mini ba'a, ya ce in zauna ta babor ɗinsa don ta nan ya saba ganin duhu. Wani lokaci ba ya magana sam. Har yau bai faɗi kalmar ba, kuma mu biyun ba wanda ya san wanda zai riga wani.

Ku da kuka karanta, musamman 'ya'yanmu da suka zo ƙasar nan suka koyi abin da na gida ba su sani ba, ina roƙonku don Allah kada ku bi sawuna. In kun riƙe abin da ba ku san duk sirrinsa ba, wani ya ce a fita waje a sake gwadawa, ku fita. Kada ku kunyata wanda ya raba muku bargonsa a gaban jama'a. In kuwa hannu ya riga ya yi ɓarna, kuka gane ku ne ba ku da gaskiya, kada ku bari rana ta faɗi ba ku je kun faɗa ba.